Hon, jiniya ko usur: Abin da kukan jirgin ƙasa yake nufi kafin dogo ya iso Sakkwato

Da safiyar ranar 9 ga Maris, 2023, jirgin ƙasa ya yi karo da wata babbar motar bas ta ma'aikatan Gwamnatin Jihar Legas a mahaɗar titi da layin dogo ta PWD da ke Ikeja. Mutum 6 suka rasa rayukansu, gommai kuma suka jikkata, mafi yawansu ma'aikata ne da ke kan hanyar zuwa ofis. Hukumomi sun ce masu tuta sun tsayar da motoci, amma direban bas ɗin ya kutsa.

Duk lokacin da irin wannan labari ya iso teburin tace labarai, akan ci karo da wata 'yar matsala da mai karatu ba ya gani. Wakili ɗaya zai rubuta cewa jirgin ya yi hon, wani ya ce ya saki jiniya, na uku ya ce ya busa usur, wani dattijo da aka zanta da shi kuma ya ce shi dai ya ji jirgi yana kuka. Mai tace labari sai ya zaɓi ɗaya ya wuce, don lokaci ba ya jira. Sai dai waɗannan kalmomi ba abu ɗaya suke nufi ba, kuma a ƙasashen da suka daɗe da jirgi, kowane sauti da ke fita daga kan jirgi yana da suna, da ma'auni, da lokacin da doka ta ce a yi shi.

Birnin da bai saba da kukan jirgi ba

Mai karatu a Sakkwato zai iya tambaya, ina ruwan biri da gada? Birnin Shehu bai taɓa samun layin dogo ba. Dogo ya iso Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, kuma a nan ya tsaya har yau. A lokacin Gusau da Ƙaura duk cikin Lardin Sakkwato suke, don sai a 1996 aka yanke Jihar Zamfara. Shi ya sa fatun jar akuya da auduga da gyaɗar wannan yanki sai an yi tafiyar sama da kilomita 200 da su kafin su hau tarago. Fataken da suka yi wannan zamani sun san kukan jirgi, jikokinsu kuwa sai wanda ya je Kaduna ko Abuja.

Amma al'amura suna sauyawa. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, garuruwan da su ma ba su taɓa zama maƙwabtan dogo ba. Layin Illela zuwa Sakkwato da Jega da Yawuri ya sha fitowa a jerin layukan da Gwamnatin Tarayya ta ce tana nazari a kansu. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri da aka ƙaddamar a 2024 ma, Ma'aikatar Ayyuka ta ce an tanadi gurbin dogo a tsarinta. Ko ba daɗe ko ba jima, ɗan kasuwar da ke kai kaya Illela, da mai agwagwa da buje, da makiyayin da ke kora shanu zuwa Kara, za su fara tsallaka dogo. Mutanen Zariya sun gaji sanin jirgi daga kakanni. Mutanen nan za su koya ne da girmansu, kuma da jirgin da ya ninka na da gudu.

Daga tururi zuwa iska

A tarihin jiragen Ingila ana yawan kawo labarin wani haɗari na 1833, a layin Leicester da Swannington, inda wani kan jirgi ya buge amalanken doki da ke ɗauke da ƙwai da man shanu a wata mahaɗa. Direban yana da ƙahon da ake busawa da baki, amma ƙugin injin ya danne shi. Bayan nan ne kamfanin ya sa aka ƙera abin busa da ke aiki da tururin tukunyar jirgin. Daga nan usur ɗin tururi ya bazu a duniya, kuma shi ne abin da Kanawa suka fara ji a 1911.

Da jiragen dizal suka fara maye gurbin na kwal, wanda a Najeriya ya soma a tsakiyar shekarun 1950, sai tururi ya ƙare, usur ya rasa abin da zai busa shi. Aka koma ga iska. Kowane kan jirgi yana da tankin iskar da aka matse, wadda da ita birki yake aiki. Idan direba ya ja hannun hon ko ya danna maɓalli, iskar takan bugi wani siririn faifan ƙarfe, faifan ya riƙa kaɗawa sau ɗaruruwa a sakan guda, sautin ya fita ta wani bututu mai faɗin baki.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Musulmi ranar hawan Sallah ya riga ya san sauran bayanin. Kakaki dogo ne, muryarsa mai kauri ce, tana tafiya nesa. Algaita gajera ce, muryarta siririya, tana huda kunne. Haka hon ɗin jirgi yake: dogon bututu yana ba da murya mai kauri, gajere yana ba da siririya. Maƙera sukan haɗa bututu uku ko biyar su yi kuka tare, domin murya ɗaya tilo tana iya ɓacewa a cikin hayaniya, ko a ɗauka ta babbar mota ce. Sunayen da kamfanoni ke ba su ma bayani ne a dunƙule. Wani sanannen hon na kamfanin Nathan a Amurka sunansa K5LA, kuma lamba 5 da ke ciki tana nufin bututu biyar ne, harafin L kuma yana nuna an kwantar da su ƙasa-ƙasa don kada su taɓa rufin gada ko rami.

Wace kalma ce daidai?

A nan ne aikinmu na masu alƙalami ya shigo. Usur kalma ce da ta dace da jirgin kwal, kuma har yau ta dace da ɗan abin da ma'aikacin tasha ke busawa da baki yana ɗaga tuta. Idan aka ce jirgin dizal ya busa usur, mai sauraro zai tuna alƙalin wasan ƙwallo, ya raina ƙarfin abin. Jiniya kuwa a kunnen mutanen yau ta motar asibiti ce, da ta 'yan kwana-kwana, da ta ayarin gwamna, wato sauti mai hawa da sauka. Hon ɗin jirgi ba ya hawa da sauka. Abin da mai tsayuwa a gefe yake ji kamar muryar ta yi siriri lokacin da jirgi ke tahowa, sannan ta yi kauri bayan ya wuce, tafiyar jirgin ce take jawo shi, ba na'urar ba.

Akwai kuma oda da ham, waɗanda direbobin mota suka daɗe da su. A Maraɗi da Ƙonni za ka ji kilakson, daga Faransanci, alhali asalinta sunan haja ne, Klaxon, na wani kamfanin Amurka da ya fara sayar da hon ɗin mota a 1908. Ƙaho ita ce Bahaushiyar kalma tsantsa, kuma da an fara da ita tun farko da ta zauna daram, amma yanzu idan ka rubuta ƙahon jirgi sai an tsaya ana tunani.

A ganina, abin da ya fi sauƙi shi ne a bar wa na'urar da ke kan jirgi sunan hon, a kira aikin busa, a bar kuka a matsayin kalmar jama'a, wadda ba ta da laifi ko kaɗan. Ƙararrawa ko jiniya kuma a keɓe su ga na'urar gargaɗin da ake kafawa a bakin mahaɗa tare da jar fitila da shinge. Wani zai ce wannan ƙaƙale ne na 'yan jarida. To, a ɗauka an yi haɗari, shaida ya ce bai ji jiniya ba. Idan hon yake nufi, direban jirgi ake tuhuma. Idan na'urar mahaɗa yake nufi, masu kula da layi ake tuhuma. Kalma ɗaya tana iya sauya wanda zai biya diyyar tirelar shinkafa, ko wanda zai tsaya gaban alƙali.

Ma'aunin ƙara da lissafin sakan

Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma ma'auni ne mai yaudara. Ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin ya ninka sau goma, ko da yake kunne yana jin sa kamar ninki biyu. Hira tsakanin mutum biyu tana kusan desibel 60. Masana lafiyar ma'aikata suna gargaɗin cewa yini guda na aiki a cikin ƙarar da ta kai 85 yana iya lalata ji a hankali.

Amurka ce ta fi kowa fayyace ƙa'idarta. Dokar hukumar jiragen ƙasa ta tarayyar ƙasar, wadda ta fara aiki a watan Yunin 2005, ta ce hon kada ya gaza desibel 96, kada kuma ya wuce 110, idan aka auna shi a tazarar ƙafa 100, wato kusan mita 30, a gaban jirgi. Ta ce direba ya fara busa aƙalla sakan 15, kada ya wuce sakan 20, kafin kan jirgi ya shiga mahaɗa. Idan jirgin yana gudun da ya haura mil 60 a sa'a, kusan kilomita 97, ba zai fara busa ba sai ya rage rubu'in mil, wato mita 400.

Abin lura shi ne dokar ta ɗaura busa da lokaci, kuma dalilin a bayyane yake idan aka yi lissafi. Tsohon jirginmu na ƙaramin layi, idan yana tafiyar kilomita 40 a sa'a, yana cin mita 11 ne a sakan guda, sakan 15 kuwa mita 167 ke nan. Jirgin babban layi da ke tafiyar kilomita 100 a sa'a yana cin kusan mita 28 a sakan, sakan 15 ya zama sama da mita 400. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a watan Yulin 2016 an gina shi ne don gudun da ya kai kilomita 150 a sa'a. Mutumin da ya saba ganin jirgi daga nesa ya ce bari in yi wuf in wuce, da tsohon lissafi yake aiki.

Ga kuma ɗaya ɓangaren da ba a cika faɗa ba. A fili, sauti yana raguwa da kusan desibel 6 duk lokacin da tazara ta ninka. Hon mai desibel 110 a mita 30 zai koma 104 a mita 60, 98 a mita 120, 92 a mita 240, ya sauko 86 a mita 480. Wannan ga wanda ke tsaye a waje ke nan. Ma'aikacin da ya rufe gilashi ya kunna na'urar sanyaya mota da rediyo, kaɗan ne daga wannan zai iso kunnensa. Haka direban tirelar siminti daga Kalambaina da injinsa ke ruri a ƙarƙashinsa, haka ɗan kabu-kabun da ya toshe kunne da waya. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, amma sai fa in ya ji ɗin. Jirgin kuma ba ya iya kaucewa, ba ya iya tsayawa nan take. Masu wayar da kai kan haɗarin dogo a Amurka suna cewa jirgin kaya mai gudun kilomita 88 a sa'a yana buƙatar kilomita ɗaya da rabi ko fiye kafin ya tsaya cak bayan an danna birkin gaggawa.

Turai ta bi ta wata hanya. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta ƙayyade muryar kanta: hon ya kasance da aƙalla ɗaya daga cikin murya biyu, siririya mai kaɗawa kusan sau 660 a sakan, ko mai kauri mai kaɗawa kusan sau 370. Manufar ita ce duk inda jirgi ya tsallaka iyaka, a gane shi da jin muryarsa, kada a rikita shi da mota ko masana'anta. Wannan batu zai taso mana ranar da jirgi ya fara tashi daga Kano ya kwana Maraɗi.

Busa ma harshe ne

Kamar yadda masu kakaki suke magana da busa, wanda ya sani ya fahimta, baƙo kuma ya ji ƙara kawai, haka ma'aikatan jirgi. Tun kafin a sami rediyon sadarwa, da busa direba yake sanar da mai birki da mai tasha abin da zai yi. A tsarin Amurka, doguwa biyu na nufin an saki birki za a tashi. Gajeru uku daga jirgin da ke tsaye na nufin zai ja da baya. Gajeru a jere ba ƙaƙƙautawa na nufin akwai mutum ko dabba a kan layi. Busar mahaɗa kuwa doguwa biyu ce, gajera ɗaya, sannan doguwa ɗaya da ake ja har sai kan jirgi ya shiga mahaɗar.

Wannan tsarin Amurka ne, kada wani ya haddace shi ya ɗauka haka yake ko'ina. Kowace hukumar jirgi tana da littafin ƙa'idar ma'aikatanta. Hatta allon da ke tuna wa direba ya yi busa ya bambanta: a Birtaniya harafin W ne, a Faransa S, a Jamus P, kowanne farkon kalmar busa a harshensu. Indiya takan rubuta nata da Turanci da Hindi.

Masu barci da masu tsallaka

Ba kowa ke son hon ba. Wanda gidansa ke bakin dogo yana da hakkin barci, kuma idan dogo ya zo, unguwanni da kasuwanni za su bi shi, kamar yadda Sabon Garin Zariya ya girma a gefen tasha. Jihar Florida ta Amurka ta gwada biyan bukatar masu barci. Daga 1984 ta ba garuruwa damar hana busa da dare a mahaɗun wani layi da ke gabar gabashinta, muddin akwai shinge da fitila. Binciken hukumar tarayya ya gano haɗurran dare a waɗannan mahaɗu sun ƙaru da kashi 195 cikin ɗari, kusan ninki uku. A watan Yulin 1991 hukumar ta ba da umarnin gaggawa aka dawo da busa. Yau doka ta yarda gari ya nemi a ware masa yankin da ba a busa, amma sai ya fara kashe kuɗi ya ƙara tsaro, kamar shingen da ke rufe hanya gaba ɗaya ta yadda mota ba za ta zagaya ba. Birtaniya ma tana da sa'o'in dare da ba a busa a allunan gefen layi sai da larura. Da farko daga ƙarfe 11 na dare ne zuwa 7 na safe, amma a ƙarshen 2016 aka taƙaita su zuwa 12 na dare zuwa 6 na safe, saboda an lura mutane suna tsallaka layi a waɗancan sa'o'i.

A garin da jama'a ke fita masallaci tun kafin gari ya waye, kuma motocin kasuwar Achida ko Illela suke kama hanya da asuba, wannan lissafin sa'o'i ba za a kwafo shi daga London ba.

Wa zai tsara namu?

Daga 1955 an shafe shekaru da dama Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ce kaɗai mai dogo, ita ce kuma mai tsara wa kanta ƙa'ida. A watan Maris na 2023 aka sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon gina layin dogo da gudanar da shi. Legas ta riga ta fara tafiyar da nata jiragen. Ma'ana nan gaba za a iya samun masu jirgi da dama a ƙasa ɗaya, wannan ya sayo kan jirgi daga China, wancan daga Turai ko Amurka, kowanne da muryar da aka ƙera shi da ita. Akwai hukumar NESREA mai dokar ƙayyade ƙara ta 2009, akwai SON mai kula da ingancin kaya, akwai kuma NSIB wadda dokar 2022 ta ɗora wa binciken haɗurran jiragen ƙasa. Abin da talaka yake buƙata daga dukkansu ƙa'ida ɗaya ce a rubuce, wadda za ta faɗi ƙarfin hon, da sakan nawa kafin mahaɗa, da irin busar da ke nufin jirgi na tafe, a kuma buga ta inda kowa zai gani, ba a littafin direbobi kaɗai ba.

Mafi ingancin mahaɗa dai ita ce wadda babu ita, wato a yi gada ko a bi ta ƙasa, kuma sababbin layuka suna ƙoƙarin yin haka a manyan hanyoyi. Amma ba za a yi wa kowane burtali da kowace hanyar gona gada ba, kuma shingen waya ba ya daɗewa a inda ya raba mutane da rijiyarsu. A irin waɗannan wurare hon ne kaɗai mai gadi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi a Sakkwato da Katsina suna da bakin da za su nema tun yanzu, kafin a kafa alluna, cewa a rubuta gargaɗin mahaɗa da Hausa, boko da ajami, a ƙara da Faransanci daga Jibiya zuwa Maraɗi, kuma kalmar da aka sa a allo ta zama ita ce ake faɗa a rediyo da makarantar koyon tuƙi.